Rawar Amarya da Tauraro Ɗaya

"Wannan fa?" Leanne ta zaro wani kaset daga kwalin takalmin da ke kan cinyarta, ta ɗaga shi sama. "Kada ka ce min waƙar nan ma ka kashe ta a jarida."

"Ban kashe ta ba," in ji Dez, yana sosa ƙeya. "Tauraro biyu na ba ta."

"Me ka rubuta?"

"Haba Leanne, abin ya daɗe fa."

Daga kan dandamali kawunta Clarrie ya karɓe zancen, ko ɗago kai bai yi daga jitar da yake ɗaure wa tsirkiya ba. "'Mawaƙin ya rantse in ta tafi zai mutu. Kafin a kai amshi na biyu, ni da kaina na fara taya ta haɗa kaya.' Haka ka rubuta, ango. Tana nan manne a jikin firij ɗinmu."

Noelene mai ganga ta ƙyalƙyale da dariya har sandarta ɗaya ta faɗi. Leanne ba ta yi dariya ba. Ta jefa kaset ɗin kan tulin waɗanda suka riga shi faɗuwa, tulin da ya fara zamewa daga kan tebur.

Asabar ce da rana tsaka, a zauren kulob ɗin ma'aikata na garin Broken Hill, a ƙasar Ostiraliya. Kwanon rufi ya ɗauki zafi yana ƙas-ƙas, fankokin sama suna juyawa ba sa kawo komai sai iskar da ta riga ta dahu. Asabar mai zuwa a nan za a yi liyafar aurenta da Desmond Zammit. An gama maganar abinci, an gama ta furanni, an ma sasanta wanda zai zauna kusa da gwaggon Dez mai faɗa. Abu ɗaya ya rage: waƙar da za a buga wa ango da amarya su buɗe rawa su biyu, jama'a na tsaye sun kewaye su. Kuma yau ɗin nan za a zaɓe ta ko a rasa, domin daga Litinin Noelene za ta koma aikinta a ramin ma'adinai, ba za a sake ganin ta riƙe da sanda ba sai ranar biki.

Matsalar kuwa ita ce angon. Duk ranar Alhamis jaridar kyauta ta garin tana fitowa da shafinsa mai suna Layi Uku. Sababbin waƙoƙi ne, na pop da rock da blues, yake ɗauka ɗai-ɗai, kowace ya yi mata layi uku ya liƙa mata maki da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Shekaru yana wannan. Mutanen garin ba su damu da shafin siyasa ba, amma Layi Uku sukan yanke su manna, su haddace, su riƙa jifan juna da shi a mashaya. Sau ɗaya ya taɓa ba wata waƙa tauraro huɗu, washegari Spiro mahauci ya leƙo ta kan kanta ya tambaye shi ko jikin ne.

Leanne tana son mutumin nan, so irin wanda kan sa mace ta ji ƙarar motarsa daga nesa ta rasa inda ta ajiye abin da ke hannunta. Amma a wannan sa'ar, da za a ba ta dama, da kwalin takalmin ta kifa masa a ka.

"To ga wannan," ta ce. "'Yan birnin Adelaide ɗin nan masu dogon gashi. Har rawa muka yi da ita a bikin ƙawata Raelene."

"Ke kika yi rawa. Ni riƙe miki jaka na yi."

"Noelene, me ya ce a kanta?"

Noelene ta gyara murya kamar mai karanta labarai. "'Jita uku, ganga biyu, tunani babu ko ɗaya. Maƙwabcinka ne yake gyaran babur da sassafe ranar Lahadi.'"

"Ai gaskiya na faɗa," in ji Dez a hankali.

"Ba wanda ya tambaye ka gaskiya! Waƙar rawa ake tambayarka!"

"Ki gane mana, Lea." Ya jawo kujera ya zauna gabanta, ya haɗa tafukansa. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga. "Rabin garin nan zai zo. Ki ɗauka na rungume ki, na lumshe ido, muna juyi, a kan waƙar da na ce alewa ce mai narkewa kafin a haɗiye. Kin san Spiro. Daga teburin baya zai ɗaga kwalba ya kwarara ihu, 'Ya haƙoran, Dez?' Shi ke nan. Har in mutu ba za a bar ni in sayi nama cikin mutunci ba."

"Sai ka koma cin ganye."

"Da gaske nake."

"Ni wasa nake? To kai ka zaɓa! Tun ɗazu ni kaɗai nake kawowa kana yankawa. Kawo taka mu gani, malamin kunne."

Fuskarsa ta yi haske nan take. Ya laluba aljihun bayansa ya fito da wani kaset da ya sha hannu har rubutunsa ya goge. Ya miƙa wa Noelene, ta sa a rediyo. Aka ji shuuu, sannan wata jita ta shigo tana jan ƙafa, wani tsoho ya fara rera wani abu da muryar da ta yi kama da ana jan buhun tsakuwa a kan siminti.

"Mai tauraro huɗun ke nan," Dez ya raɗa, idonsa a rufe. "Ku ji yadda yake jan tsirkiyar nan. Ku ji!"

Kawu Clarrie ya saurara, ya karkata kai. "Yaro, wannan ba ita ce ta mutumin da za a rataye da asuba ba?"

"E, amma ba wannan ne muhimmi ba."

"Rataya," in ji Leanne. "A bikina."

"Sai a baiti na ƙarshe ake rataye shin."

"Noelene, kashe min abin nan kafin a yi na biyu."

Aka kashe. Kawu Clarrie ya sauko ya buɗe akwatin ƙanƙara, ya ɗauko lemo mai sanyi ya ɗora mata a wuya, kamar yadda yake yi mata tun tana 'yar mitsitsiya in ta yi fushi. "Sha, 'yata. Ni dai na gaya wa uwarki tun farko, ga direbobi, ga masu gyaran famfo, mutanen da in an kunna waƙa sai kawai su ji waƙa."

Ta karɓa ba ta sha ba. Idonta na cikin kwalin. Kaset ɗaya ya rage, kwance a ƙasa, kuma da gangan ta bar shi ƙarshe. Tun safe take jira. Duk waɗancan da ta yi ta ɗagawa, ba ko ɗaya da ta damu da shi. So take Dez ya dube ta ya ce, "Lea, me muke wahalar da kanmu? Ai muna da tamu." Da ya faɗi haka, da ta yafe masa komai, har da ratayar.

Ranar da suka fara haɗuwa, tana aikin jinya a motar karɓar jini da ke tsayawa gaban kasuwa. Ya shigo da ƙarfin hali irin na maza, ya nannaɗe hannun riga, da ya ga allura sai ya koma fari fat kamar zanen gado. Don ta ɗauke masa hankali ta miƙa hannu ta ƙara muryar ƙaramar rediyon da ke kan kanta, daidai saman kansa. Waƙar da ke tashi ta wasu samari ce daga garin Port Pirie masu kiran kansu Karnukan Tasha, sunanta "Taya Ta Sace a Hanyar Gidanku". Tun daga farkonta har ƙarshenta yana kallon fuskarta bai ƙifta ba. Ita kuwa daga ranar, ko a ina ta ji waƙar, sai ƙirjinta ya yi nauyi.

Bayan 'yan watanni, suna tsakiyar soyayya, samarin suka aiko wa jarida kaset ɗinsu. Leanne ta buɗe Layi Uku a ɗakin shan shayi na asibiti, ta karanta, ta tashi ta shige ɗakin ajiyar zannuwa ta yi kukanta a cikin tawul. Ba ta taɓa gaya masa ba. Da farko kunya, daga baya girman kai. Ta yi ta ba shi uzuri a ranta: aikinsa ne, ba ya haɗa aiki da zuciya. Amma wurin bai taɓa warkewa ba.

Ta ciro kaset ɗin ta miƙa wa Noelene.

Jita ta shigo, ganga ta biyo a hankali, wani saurayi ya fara kukan tayarsa ta baya. Leanne ta zuba wa Dez ido. Ta ga girarsa ta haɗe. Ta ga bakinsa ya fara motsi. Sai ya yi murmushi, irin na wanda ya haɗu da tsohon abokin gaba da ya taɓa kayarwa.

"Kai! Karnukan Tasha!" Ya ɗaga yatsa. "'Minti bakwai a kan taya ɗaya. Da tattaki ya yi, da tuni ya isa gidansu, ya sha shayi, ya dawo. Busar hamonikar da ke tsakiya kuwa butar shayi ce aka manta a kan wuta.' Tauraro ɗaya. Na rantse wannan tana cikin waɗanda na fi alfahari da su. Edita ma sai da ya..."

Gwangwanin lemon ya daki tebur da ƙarfi har kumfa ta yi tsalle.

"Alfahari," in ji Leanne. "Alfahari kake yi. Desmond Zammit, kai wane irin mutum ne? Dutse aka sa maka a ƙirji? Waƙarmu ce!"

"Waƙar wa?"

"Tamu! Ni da kai!"

Ya dubi Kawu Clarrie, ya dubi Noelene, kamar mai neman wanda zai fassara masa. "Lea, mu ai ba mu da waƙa. Shi ya sa muke zaune a nan muna dahuwa."

"A motar jini! Ranar da ka shigo kana ɓari kamar ɗan kaza! Ita ke tashi a rediyo!"

"Babu rediyo a motar nan."

"Me ka ce?"

"Babu rediyo. Shiru ne. Na tuna sarai, har na yi mamakin yadda wuri zai yi shiru haka a gaban kasuwa."

"Da hannuna na ƙara muryarta! A saman kanka take! Har direba sai da ya buga bango ya ce in rage!"

"To ni ban ji ba."

"Ba ka ji ba!" Ta miƙe tsaye, kwalin ya faɗi ƙasa. "Kai? Kai da ba a iya shiga kanti da kai sai ka tsaya tsakanin madara da sabulu kana ba lasifika tauraro? Kai da ka bar likitan haƙori da abu a hannu ka ce ya canza tasha? Ka ce ka manta, sai in yi kuka in haƙura. Amma kada ka tsaya gabana ka ce ba a kunna ba!"

Noelene ta miƙa hannu a hankali ta rage muryar kaset ɗin. Saurayin Port Pirie ya ci gaba da neman jak a ƙasa-ƙasa.

"Dakata, 'yata," in ji Kawu Clarrie. Ya ajiye jitarsa, ya matso yana kallon Dez kamar mai duba injin mota. "Ango, ranar da ka zo gidana gaishe ni karon farko, me ke tashi?"

"Waƙar kaboyi, ta matar da karenta ya bi wani. Tauraro biyu. Kuma kaset ɗinka yana ja."

"Ranar da aka binne mahaifinka, a motar da ta kai ku?"

Dez ya sunkuyar da kai. "Wata ta pop ce, 'yan mata uku. Direban ya manta bai kashe ba. Amshin bai yi muni ba."

"Ka ji ko? Mutumin da ko a bayan gawar ubansa kunnensa bai tafi hutu ba." Kawu ya juya ga Noelene. "Ranar jini kuma wai shiru. Ni na gano. Suma ya yi."

"Suma ce," Noelene ta amsa. "Maza nawa na gani."

"Ban suma ba!" Dez ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. "Da na suma zan tuna komai? Biro biyu ne soke a gashinta, ɗaya shuɗi ɗaya ja, jan an tauna masa kai. Agogonta a ƙirji yake, a juye, na yi ta ƙoƙarin karanta shi don kada in kalli allurar, na kasa. Akwai ɗigon fenti kore a gefen babban yatsanta, daga baya na ji ashe ɗakin girkinta take shafawa. Bakinta yana ta motsi, na san magana take min, amma ban san me take cewa ba. Da aka gama ta ba ni biskit biyu maimakon ɗaya, ta ɗora yatsa a leɓe. Na fito na wuce motata har na kai gidan waya kafin in tuna da mota na zo." Ya tsaya yana haki. "To ina suma a nan? Babu waƙa, shi ke nan. Da akwai, da na ji. Ni ban taɓa zama a wuri waƙa na tashi ban ji ta ba."

A cikin rediyo aka iso wurin hamonika, ta fara tsuwa siririya, tana hawa tana hawa.

Leanne ta tsaya da baki buɗe. Abin ya shige ta a hankali, kamar ruwan sanyi a maƙogwaron da ya bushe. Mutumin da duniya gaba ɗaya ta zame masa abin saurare da yanke hukunci, sau ɗaya tak kunnensa ya toshe, kuma ita ce a tsaye gabansa. Shekara da shekaru tana ɗauke da ciwon layi uku, ashe wanda ya rubuta su bai ma san ya taɓa haɗuwa da waƙar ba. Hawaye suka taho mata, haushi ya biyo su a guje, ta rasa wanne za ta fara saurara.

"Kai wawa ne," ta ce da ƙyar. "Ka san haka? Cikakken wawa. A cikin tawul ɗin asibiti na yi kuka saboda kai."

"Yaushe? Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ina zan san kurma nake shirin aure?"

Kawu Clarrie ya juya baya yana fyace hanci da ƙarfi, wai ƙura ce. Noelene ta ce, "Ƙura, a ɗakin da aka goge da safe."

Dez ya matso ya kama hannun Leanne. Yanzu ya fahimta, kuma fahimtar ta firgita shi. "Lea, zan gyara. Alhamis ɗin nan, kafin biki. Zan rubuta cewa na sake saurare, na yi kuskure. Tauraro biyar. Ban taɓa bai wa kowa biyar ba, zan ba ta."

"Ka sake saurare yanzu. Kuskure ka yi?"

Ya buɗe baki. Hamonikar ta kai ƙololuwa, ta tsaya can tana ƙara. Fuskarsa ta yamutse duk da ƙoƙarinsa.

"Faɗi gaskiya, Desmond."

"Buta ce," ya ce cikin ƙaramar murya. "Har yanzu buta ce."

"To! Ka ɗauka ban sani ba? Ni ma kunne gare ni! Waƙar ba ta da daɗi, ko kusa. Mutumin minti bakwai yana tsugune gaban taya, ko ni na sha cewa a raina ya tashi ya tari mota mana. Wa ya ce maka don daɗinta nake son ta? Kuma in ka kuskura ka yi ƙarya a shafin nan saboda ni, ba da ni za a yi bikin ba. Mai layi ukun na ce ina so, ba wani mai rabon taurari ba."

"To amma Spiro..." in ji Dez. "Wannan ya fi kowacce haddacewa. Duk lokacin da matarsa ta ɗora shayi sai ya faɗe ta. Ana fara busar nan zauren gaba ɗaya zai ɗauka. Wani ma sai ya je kicin ya ɗauko buta."

"Ni zan kawo tawa," in ji Noelene.

"A datse wurin busar mana," Dez ya roƙa, yana duban Kawu Clarrie. "Kawu, a taimaka. Baiti biyu, amshi, a rufe. Ba wanda zai gane ta ma."

Kawu Clarrie ya riga ya buɗe wani ɗan akwati ya ciro tsohuwar hamonikarsa, 'yar abin busa da baki, yana goge ta a jikin riga da wani irin murmushi da Leanne ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. "Yaro, rabona da a bar ni in busa abin nan son raina tun kafin a haifi amaryarka. Amma ba ni ke aure ba. 'Yata, me kika ce? Lokaci na tafiya, Noelene na da yara a gida."

Leanne ta dubi angonta: riga jiƙe da gumi, kunnuwa jajaye, ido cike da tsoron mahauci. Ta share fuskarta da bayan hannu, ta ture kwalin takalmin gefe da ƙafa, ta taka zuwa tsakiyar zauren inda katakon ya fi santsi.

"Ita za ku buga, Kawu," ta ce da ƙarfi, har muryarta ta dawo daga bango. "Gaba ɗayanta, minti bakwai ɗin cif, kuma wurin butar ka ja shi yadda ranka yake so. Spiro ya yi ihunsa, a kawo butoci goma in an ga dama. Kai kuma Desmond, tauraronka ɗaya yana nan yadda ka ba ta, ba za a taɓa shi ba. Zo nan ka riƙe ni. A karo na farko ba ka ji ta ba, ranar Asabar za ka ji ta tun daga farko har ƙarshe, kuma da ita za mu yi rawa."